Notin da Idona Bai Gani Ba

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. Matan unguwarmu a Taba sun zo, dangin marigayi maigidana sun zo daga Nasarawan Doya, dangin surukina sun cika mota daga Saulawa. Kowa in ya gama sannu da zuwa sai ya gyara zama ya ce, "To Malama, yaya can ɗin?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura kowa abin da ya ga dama yake ɗauka. Wata ta je ta ce a jirgin ruwa na tafi. Wata ta ce na koyi kanikanci. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda shekarun da na yi ina koyarwa a firamare ba su tafi da hannuna ba, duk wanda ya ƙara tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. 'Yata ta fari ce ta haihu a can, haihuwar fari. Ba zan rubuta sunanta ba, kun san dalili, maijego zan riƙa ce mata. Da a gida take, da ɗakina za ta dawo wanka. Tunda ba hali, sai mijinta ya yi mini takardu. Mijin nata, Malam Sani, ɗan gidan malamai ne a Saulawa, aikin kula da tsofaffi yake yi a can. Tun da aka ɗaura aurensu ban taɓa haɗa ido da shi ba. In ya zo gaisuwa, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ina daga ciki, mu gaisa ya tashi. In da magana, ta bakin matarsa take bi.

Ƙanena ne ya kai ni Kano a motarsa. Mun wuce Hunƙuyi, mun hau babban titi, sai muka faɗa bayan wata motar rake da ta ƙi ba mu hanya, ga taya ta sace kafin Kwanar Ɗangora. Ina tsaye a bakin titi ina salati, shi yana ta faɗa da jak, ina cewa a raina jirgin nan ya tafi ya bar ni da buhun kanwa. Don kayana kaf na jego ne: kanwa, garin kunu, yaji, daddawa, man shanu, kilishi, da busasshen ganyen wanka.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata Hajiya 'yar kasuwa, Bakanuwa, wadda ta ɗaura mini bel ta kuma hana ni cin wani abu fari mai sanyi da aka kawo a ƙaramin kwano. Ta ce, "Yaya, bar shi, ni ma shekara da shekaru ban gano ko mene ne ba." A inda muka sauya jirgi ita ta riƙe hannuna muka hau matakalar nan mai tafiya da kanta. Daga nan hanyarmu ta rabu, na ji kamar an yaye ni.

Shiga ƙasar tasu ita ce ta fara tsinka mini zuciya. Wani ma'aikaci ya zo da kare, karen ya tsaya a kan jakata yana shinshina. Ni da ko a gida in kare ya gifta sai na tattare zani. Aka buɗe kaya. Kilishi da man shanu aka ce ba sa shiga, ganyen wanka ma haka. Kanwa kuwa sun daɗe suna juya ta, ɗaya ya kira ɗaya. Turancin da na koyar da 'ya'yan mutane ya gudu ya bar ni, sai da na kwaikwayi damun kunu da hannu sannan suka yi dariya suka miƙo mini abata.

Malam Sani na jira a waje. Yana hango ni ya zube ƙasa a tsakiyar mutane.

"Mama, sannu da zuwa. An sha hanya. Yaya aka baro mutanen gida?"

"Lafiya lau. Yaya masu jego?"

"Alhamdu lillahi, Mama."

Turawa na ta kewaye mu suna waiwaye, ko sun zaci faɗuwa ya yi. Muka shiga jirgin ƙasa, muka shiga bas, shi a can gaba ni a baya. Sanyi kuwa ba irin wanda kuka sani ba ne, wannan har cikin haƙori yake shiga. Da muka sauka sai ya bi da ni wata 'yar hanya mai taɓo a gefen wani dogon ruwa da aka haƙa kamar lambatu. Ina ta duban gidaje ina cewa ko wannan ne, ko wancan ne. Sai ya tsaya, kansa a ƙasa, ya ce, "Mama, mun iso."

Jirgin ruwa ne. Dogo, siriri, an ɗaure shi da igiya a jikin ƙarfe. A ciki 'yata take zaune da jaririn da ko cibiyarsa ba ta gama warkewa ba. Ba wanda ya gaya mini. Daga baya maijego ta ce haya a garin ta fi ƙarfin mutum, kuma mutane da yawa haka suke zaune, ta san in ta faɗa mini a waya ba zan ƙara barci ba. Gaskiyarta. Ni da ko rafin garinmu in ya kawo ruwa ba na tsallakawa, ranar sai da na rufe ido na taka.

Faɗin gidan, in na buɗe hannuwana ina taɓa bango da bango. Ɗakunan a jere suke, wannan ta cikin wannan, ba tsakar gida, ba zaure, ba inda mutum zai kauce wa surukinsa. Bawan Allahn nan in zai je bayan gida sai ya fita waje cikin sanyi, ya bi ta gaɓa, ya shigo ta ɗaya ƙofar, don kada ya gifta ta gabana. Abinci ma a waje yake ci, a tsaye, da safar hannu. Amma da aka ɗora mini jaririn a cinya, duk na manta. Namiji ne, ga gashi, ga hancin kakansa. Na ce, "Angona, kai kuma a kan ruwa ka ajiye ni? Ko ɗaki ba ka gina mini ba?"

A jirgin da ke kusa da namu wata tsohuwar Baturiya ce, ta girme ni, ita kaɗai sai karenta. Ita ke faskare, ita ke hawa rufin jirgi ta share. 'Ya'yanta uku, amma wai sai sun yi waya sun sa rana kafin su zo gaishe ta. Na tausaya mata, ita kuma na lura tausayina take ji. Ta kawo mana wani burodi mai zaƙi, na ba ta kunun kanwa. Ta kurɓa, ta faɗi wata kalma. Maijego ta ce ma'anarta abin ya ba ta sha'awa, amma kofin ta ajiye ba ta ƙara ɗauka ba.

Wankan jego sai dabara. Ba tukunya, ba itace, sai butar lantarki da bokiti. Abin da ya riƙe rayuwarmu a jirgin nan shi ne hita. Wani ɗan inji ne mai shan man gas, bai fi batirin mota girma ba, an ɗaure shi a cikin wani akurki ƙarƙashin matakalar baya. Yana hura iska mai zafi cikin ɗakuna, hayaƙinsa kuma ya bi salansa ya fita waje. Tunda akwai maijego, na ce ba a kashe shi dare da rana.

Ban daɗe ba na fara jin wani abu a cikin ƙararsa. Bayan gurnanin da ya saba, sai wani kaf-kaf-kaf. Na san wannan ƙarar, haka injin markaɗen maƙwabtanmu ke yi in ƙafarsa ta saki. Na gaya wa maijego, ta gaya wa mijinta, amsa ta dawo cewa za a duba. Ƙarar ta lafa, ta sake dawowa. Da ɗana ne, da na tsare shi na ce buɗe mu gani. Amma yaya zan ce wa suruki gidansa na da aibu? Shi ma ashe yana jin nauyin ya barbaje gida a gaban surukarsa, jira yake in tafi. Ga kuma wasu ƙananan ƙofofin iska a jikin ƙofa da rufi, sanyi na zubowa ta nan kai tsaye kan gadon maijego. Ta ce a bar su, haka dokar jirgi take. Na bari ta yi barci na cusa musu tsumma. Wace uwa ce za ta ga iska na dukan ɗanyen jiki ta zuba ido?

Wata safiya na tashi da ciwon kai kamar an ɗaura mini dutse. Maijego ta ce ita ma haka. Ta ɗauki yaro ta ba shi nono, ya ƙi kamawa. Ta jijjiga shi, ya buɗe ido da ƙyar ya mayar. Na karɓe shi, na ji jikinsa sakwaf. Ban gama cewa innalillahi ba sai wani ɗan farin abu da ke manne a bango ya tsala ƙara. Malam Sani, wanda ya dawo daga aikin kwana bai daɗe da kwanciya ba, ya fito daga shi sai singileti. Ya fizge yaron daga hannuna, ya bankaɗe ƙofofi, ya ce, "Ku fita! Ku fita waje!" Yana wucewa ya ga tsumman, ya fincike su ya yar.

A asibiti likita ta yi bayani, maijego na fassara mini. Wai akwai hayaƙin da ba shi da launi ba shi da wari, yana kwantar da mutum ya wuce cikin barci, kuma jariri ya fi saurin tafiya. An auna mu duka. Ta ce Allah ya sa an fito da wuri, za su riƙe uwa da ɗa zuwa yamma su gani. Amma ta ce kada a kuskura a kunna hitar nan sai an gyara, kuma kada a mayar da jaririn nan jirgi ba ɗumi. Ranar ruwan da ke gefen jirgin ma ya daskare.

Malam Sani ya kira makanikin jirage, ya ce sai mako mai zuwa. Ba mu da kowa a garin, ba mu da wani wurin kwana. Ya tsaya a gaban gadon yana gaya wa matarsa zai je ya gwada da kansa. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Ku tafi da Mama, ko tocila ta riƙe maka." Haka muka tafi, ni da shi.

Ƙofar akurkin ba ta fi faifai biyu ba. Da ya haska, sai ga hitar ta karkace gefe guda. An ɗaure ta ne a kan wani farantin ƙarfe, farantin kuma an kafe shi a jikin katako da sukurori huɗu. Danshi ya cinye katakon, biyu sun zare gaba ɗaya, biyu na lilo. Da injin ya karkace sai bakin salansa ya zame, duk wurin ya yi baƙi da hayaƙi. A ƙarƙashi ga wani kwali da aka ninke aka tokare. Na gane wanda ya sa shi, shi ma ya san na gane.

Tsohuwar Baturiyar ta zo da akwatin kayan aiki. Ta leƙa, suka yi magana da Malam Sani, ya juya yana gaya wa bango da Hausa don in ji. Sukuru ba zai ƙara kamawa ba. Sai an huda katakon ya ɓulle, a sa sabon guntun katako mai ƙwari ta baya, a zura dogayen ƙusoshi masu zare, a ɗaure su da noti ta bayan. Huda ta gaba ba wuya, ya yi ta da hannu ɗaya. Amma bayan katakon, sai mutum ya shige akurkin har ƙugu, ya lanƙwasa, ya miƙa hannu inda ido ba ya kaiwa. Ya gwada, kafaɗarsa ta ƙi shiga. Ya cire riga mai nauyi ya sake gwadawa, har ya ɗaye fata. Tsohuwar ta nuna ƙugunta ta girgiza kai, ƙarfe aka sa mata a ciki. Rana kuwa a can ba ta da haƙuri, ana yin la'asar take faɗuwa.

Tun ina budurwa ake mini tsiyar rama. Na cire mayafi, na ɗaure zanina tamau, na ce wa bango, "A ba ni notin."

"Mama, a'a. Wallahi ba zai yiwu ba."

"A ba ni, na ce."

Na kwanta a gefena na shige da kai. Ƙarfen jirgin sanyi kamar ƙanƙara, warin gas ya cika mini hanci, wani bututu ya tokare mini haƙarƙari. Tsohuwar ta rufa mini bargo a ƙafafu, Allah ya saka mata. Aikin shi ne ya turo ƙusa ta gaba ya riƙe kanta, ni in lalubo bakinta ta baya, in zura mata zoben ƙarfe, in ɗaura noti, in matse da sifana. Sai dai bawan Allah ya juya fuskarsa gefe don kada ya kalle ni a kwance. Tocilar na haska rufi, ƙusar na ta karkacewa. Noti na farko ya suɓuce mini, na ji ƙararsa yana gangarawa can ƙasan jirgi. Na biyu ma ya bi shi. Tsohuwar ta ce saura biyar a gwangwanin.

Sai na tuna yadda jikin yaron nan ya yi a hannuna da safe. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Kai Sani! Juyo ka haska mini nan! Ɗanka zai kwana a sanyi kana kallon bango?"

Sai ga haske ya sauko daidai kan hannuna. Ya durƙusa, ya zuro kansa da hannu ɗaya, fuskarsa dab da tawa, ina jin numfashinsa. Karo na farko ke nan da na ga idon mijin 'yata. Jawur suke, ashe kuka yake yi tun ɗazu.

"Mama, ni na jawo. Na ji ƙarar."

"Ni ma na ji. Turo ƙusar."

Daga nan aiki ya tafi. Yana cewa, "Dama kaɗan, Mama," ina cewa, "Riƙe da kyau, tana juyawa." Na farko ya ɗauru, na biyu ya ɗauru, na uku ya ɗauru har sifana ta ƙi motsi. Na huɗu ne can a lungu, bayan tiyon mai. Haske ba ya zuwa, kaina ba ya juyawa, da kan yatsu biyu kawai nake taɓa shi. Na ɗaura shi da lalube. Sifana ta kama, amma wurin bai ba ta damar juyawa sai kaɗan-kaɗan. Na yi ta yi har yatsuna suka ƙage, na daina jin su. Ban sani ba notin ne ya tsaya ko hannuna ne ya mutu.

"Mama, ya ɗauru?"

Na ce, "Ya ɗauru."

Fitowa ta gagara, zanina ya maƙale a wani ƙarfe. Ya ce, "Mama, a gafarce ni," ya kama ƙafafuna ta kan bargo ya jawo ni kamar buhun masara. Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye. Shi ya mayar da salansa, ya shafa mata wani farin ƙulli, ya matse ta da sabon zobe. Ya kama hitar ya girgiza da ƙarfi, ba ta motsa ba. Aka kunna. Muka tsaya mu uku a waje muna kallon hayaƙi na fita ta inda ya kamata, abin bangon nan kuma bai yi ƙara ba. Bayan magariba aka sallamo su. Yaron na shigowa ya callara kukan yunwa, ban taɓa jin abu mai daɗi kamar kukan nan ba.

Makanikin ya zo a makon da ya ce. Ya auna hayaƙi, ya duba salansa, ya ce aiki ya yi. Na sa Sani ya tambaye shi noti na huɗu. Ya zura hannu, ya kasa kaiwa, ya girgiza injin ya ce ba kome. Amma girgizar hannu daban, girgizar wata da watanni daban. Na so in sake shiga, maijego ta rantse ba zan ƙara ba, don sai da na yi kwanaki hannuna bai riƙe cokali ba. Ranar da zan taho, a tashar jirgi, na gaya wa Sani gaskiya, ido cikin ido. Na ce na huɗun nan ban tabbata ba. Ya ce zai sa kunne, kuma suna neman gida a kan tudu in Allah ya hore.

Har yau ba su samu ba, kuma sanyi bai wuce ba a can. Masu cewa na dawo ba ni da walwala, ga dalili. A duk duniya ba wanda ya taɓa notin nan sai ni, ni ɗin ma ban gan shi ba, kuma jikana a kansa yake barci. Kullum in na idar da sallar walaha nakan kira, ba wayar 'yata ba, tasa. Mukan gaisa a gurguje. Sai in ce, "Sani, kai ni wurin." Ya buɗe akurkin ya ajiye wayar a ciki. Ni kuma in kori kaji, in toshe ɗaya kunnen da yatsa, in saurara.